Kwalekwalen faiba mai mita 4.8: littafin aiki

2 ga Afrilu

Kwalekwalen katakon da muke su da shi ya shekara takwas, kuma tun bara rabin zamanmu a kan ruwa kwarfa ce. Ka toshe wannan tsaga, wata ta buɗe a gefenta. Saboda haka ni da ƙanena muka ɗaura niyyar ƙera na faiba da hannunmu, a rumfar da ke bayan gida. Tsawo mita 4.8, faɗi mita 1.5 a tsakiya, zurfi santimita 55. Abin da zai ɗauka: mutum biyu, raga, akwatin ƙanƙara, da injin baya mai ƙarfin doki 15.

Ga wanda bai taɓa ganin aikin ba, faiba zaren gilashi ne siriri da ake yi kamar tabarma. A shimfiɗa ta cikin mazubi, a jiƙa ta da rezin (wani ruwa mai kauri kamar gam) da aka ɗiga wa hadina (maganin da ke sa shi sandarewa), sai ta sandare ta ɗauki siffar mazubin. Zaren shi ne ƙarfin, rezin riƙe zaren kawai yake yi. In aka bar rezin shi kaɗai, fashewa yake kamar kwalba.

Masu sana'ar sukan yi aiki uku: su sassaƙa samfurin jirgi, su ɗauki mazubi daga jikinsa, sannan su zuba jirgi a mazubin. Wannan ya dace da mai son fitar da jirage da yawa. Ni guda nake so, ƙila biyu, don haka kai tsaye zan haɗa mazubi da katako da allo mai santsin fuska. Shi ya sa na zaɓi siffa mai kusurwa, ƙasa ta haɗu da gefe a layi ɗaya, tunda allo ba ya lanƙwasa ta fuska biyu lokaci guda.

Kuɗin da na ware na kasa shi goma. Huɗu na rezin da jelkot (rezin mai kala da ke zama fuskar jirgin ta waje), biyu na tabarma, biyu na katako da alluna, ɗaya na ƙananan kaya, ɗaya ajiya.

5 ga Afrilu

Mun yanka firam bakwai, mun jera su a kan doguwar ƙafa biyu. Na ja zare daga goshi zuwa baya don tsakiya, na daidaita tsayinsu da tiyo mai ruwa a ciki. Firam na biyar ya karkace da milimita 8, an gyara.

9 ga Afrilu

Lulluɓe firam da allo ya ci kwana uku. Daga baya zuwa tsakiya lafiya lau. A goshi allon ya ƙi lanƙwasa, na matsa masa, ya tsage. Na biyun sai na yi masa ƙananan tsagu da zarto ta bayansa, tazarar yatsa biyu-biyu, ba tare da haƙorin ya fasa fuska ba, ya kwanta ba gardama.

Da yamma wani dattijo da ya daɗe yana gyaran jiragen faiba ya leƙo. Bai ce komai ba sai da ya zagaya mazubin sau biyu yana shafa shi da tafin hannu. Ya tsaya wajen firam na biyu.

"Ɗana, ta ina jirgin nan zai fito?"

Na ce, "Ta sama mana, Baba."

Ya ɗauki sanda miƙaƙƙiya ya jingina a gefen. Sai na gani: kusa da baki, gefen ya ɗan ranƙwafo ciki, bai fi kaurin yatsa ba. Da mun zuba a haka, cikin jirgin ya fi bakin mazubi faɗi a wurin, kuma babu abin da zai fito da shi sai an farfasa mazubin. Dole ko'ina gefe ya riƙa buɗewa yana yin sama, ko da kaɗan ne. Muka kwance allon, muka fere firam ɗin.

Ya kuma sa na cike duk wata kusurwa da fila (kwaɓin cike rami), in zagaye ta da bayan cokali. Tabarma ba ta shiga kusurwa mai kaifi. Tsallakewa take yi ta bar iska a ƙarƙashinta, jelkot ɗin wurin ya zauna ba majingini, ranar da ya taɓa dutse ya rufta.

13 ga Afrilu

Sanfefa tun safe. Lamba 120, sai 240, sai 400 da ruwa a wuraren fila. Duk wani ƙarce da ke jikin mazubi zai fito a jikin jirgi.

16 ga Afrilu

Kaya sun iso: rezin polyester kilo 60, jelkot fari kilo 8, hadina, asiton na goge rezin, tabarma mai tarwatsattsen zare ta giram 300 da ta 450 a kowace murabba'in mita, da saƙaƙƙiya ta giram 600. Na duba kwanan watan da ke jikin durom kafin in karɓa, domin rezin ba ya wuce kamar wata shida a ajiye, zafi kuma na rage masa kwana.

Ga lissafina. Fatar jirgin kusan murabba'in mita 9 ce, 5 ƙasa, 4 gefe. Gefe zai samu 300, 450, saƙaƙƙiya 600, sai 450. Ƙasa za ta samu ƙarin 600 da 450 a kan wannan. Tabarma mai tarwatsattsen zare tana shan rezin kusan ninki biyu da rabi na nauyinta, saƙaƙƙiya kuwa ɗan sama da nauyinta kawai. Ya kama zare kilo 21 da rabi, rezin kilo 43. Ragowar 17 na haƙarƙari ne da allon baya da kujeru.

Hadinar nan, MEKP, ita na fi jin tsoro a duk kayan. Ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum. Na ajiye bokitin ruwa mai tsabta a ƙofar rumfa, na ce wa ƙanena babu mai buɗe kwalbar ba tabarau. Rezin ɗin ya zo da kobalt, sinadarin da ke sa hadina aiki da sauri, a haɗe a ciki, na ji daɗin haka, don kobalt da MEKP in suka haɗu gaba da gaba wuta ce ko fashewa. Asiton kuma can waje, nesa da giranda.

Na karanta cewa tun 1942 wani Ba'amurke, Ray Greene, ya ƙera jirgi da zaren gilashi da polyester a Toledo ta jihar Ohio. Sama da shekara 80 ke nan, amma aikin hannun bai sauya ba: buroshi, rola, da mutum a sunkuye.

18 ga Afrilu

Kaki shafi shida a mazubi, kowanne a bar shi ya sha iska kamar awa guda sannan a goge. A kansa PVA siriri, wato ruwan da ke bushewa ya zama 'yar fata. Su biyun ne ke hana jirgi mannewa da mazubi.

Kafin in taɓa mazubin da jelkot na yi gwaji a kan guntun allo, kuma na gode Allah da na yi. Na shafa jelkot, na jira minti 40, na ɗora tabarma. Da na ɓamɓare da yamma, rabin fuskar sumul, rabin kuwa ta yamutse kamar fatar kada. Wurin da ya yamutse nan ne buroshi ya ja jelkot ya yi siriri. Jelkot siriri ba ya nuna da kyau, sai sitirin, wato sinadari mai wari da ke cikin rezin na sama, ya jiƙa shi ya kumbura. Kaurin da ake so kusan rabin milimita ne, wato giram 600 ko kusa da haka a murabba'in mita. Ido ba zai auna rabin milimita ba, amma sikeli zai auna giram. Na raba mazubin gida tara da alama a bakinsa, kowane gida da gwangwaninsa a aune.

Gwaji na biyu, shafi biyu, hadina kashi 2 cikin 100, na jira har na taɓa da yatsa ya yi ɗan danƙo amma fari bai biyo yatsan ba. Ya fito kamar tangaran.

21 ga Afrilu

Jelkot ya shiga mazubi, kilo 5 da rabi. Gefuna sun nuna da wuri, amma can ƙasa wajen ƙashin baya, wato tsakiyar gindin jirgi, ya daɗe yana danƙo. Tururin sitirin ya fi iska nauyi, sai ya taru a gindin mazubi ya hana shi nuna. Kaina ma ya shaida, don duk sunkuyawa sai ya sara. Muka ɗaga goshi, muka sa fanka daga nesa tana kaɗa iskar waje. Takunkumin ƙura ba ya tare wannan wari, sai mai gwangwanin gawayi.

Da dare mun yanka tabarmar gobe duka, mun sa wa kowace lamba. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle rezin da ba ya jiran almakashi.

22 ga Afrilu

Shimfiɗar farko, ta giram 300. Ita ce ke bayan jelkot kai tsaye, don haka kowane ƙwayar iska sai an kore ta.

Mun fara da sassafe, ma'aunin zafi na nuna 26. Kilo ɗaya-ɗaya nake dama rezin, hadina mililita 15 da sirinji. A shafa rezin a ƙasa tukuna, a ɗora tabarma, a daddanna da buroshi, ba ja ba. Bayan minti biyu ko uku sai ka ga ta saki jiki, farinta ya ɓace, ta koma garai-garai har kana hango jelkot. Nan ne rolar ƙarfe mai haƙora ke shiga, kana jin iska na fita tana ƙas-ƙas ƙarƙashinta.

Wajen ƙarfe goma zafi ya kai 33, saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ni kuma ina son gamawa. Na dama kilo 3 lokaci guda a bokiti mai zurfi, kuma ban rage hadina ba. Ba a yi minti goma ba buroshi ya fara nauyi a hannun ƙanena. Ya ce, "Yaya, bokitin nan fa ya yi zafi." Kafin in juyo rezin ya dunƙule, ya sauya kala, yana hayaƙi mai yaji. Na ɗauke shi da sanda ta mariƙi na kai waje, muka kwara masa ruwa. Gindin bokitin ya narke ya lotsa.

Rezin da kansa yake haifar da zafi in yana sandarewa, zafin kuma ya ƙara masa sauri. A shimfiɗe zafin na fita. A tare a bokiti ba shi da mafita. Asara: rezin kilo 2, buroshi ɗaya, rolar gashi ɗaya, bokiti. Abin da ya fi damuna shi ne tabarmar da ke rabi a jiƙe lokacin da muka bar ta. Na yanke ta da wuƙa tun tana da taushi, na cire.

Daga yau kilo ɗaya, a faranti mai faɗi, hadina mililita 10 in zafi ya haura 30. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 kuwa ba zan sauka ba, don sai ya ƙi nuna gaba ɗaya. Ƙarfe tara a ajiye buroshi. Zafin da aka fi so wa aikin nan tsakanin 18 ne da 25, mu kuma ba mu samun kusa da shi sai da duku-duku.

24 ga Afrilu

Gefen dama: 450, saƙaƙƙiya a kanta tun tana jiƙe. Haɗin tabarma da tabarma santimita 5, kuma ba na barin haɗi ya hau kan haɗi. Ya tafi daidai.

27 ga Afrilu

Yau raina a ɓace yake.

Daren shekaranjiya an yi ruwa da iska, feshi ya shigo ta gefen rumfa. Na rufe mazubi da tamfol, amma naɗin tabarmar 450 yana jingine a bango, bakin ledarsa a buɗe. Da safe na taɓa gefensa na ji sanyi. Na shanya abin da zan yi amfani da shi a rana kamar awa guda, na taɓa na ji ya bushe, muka shimfiɗa gefen hagu.

Tun muna aiki na lura wani wuri ya ƙi yin garai-garai. Na ƙara masa rezin, na bi da rola, ya ɗan yi dama, na ɗora saƙaƙƙiya a kai. Yau da safe ga shi nan: farin tabo kamar an zubar da madara, tsawon hannu guda, faɗin tafi biyu, daidai kan kusurwar da ƙasa ta haɗu da gefe. Na ƙwanƙwasa da cokali. Sauran jikin na amsawa da ƙara tsantsa, nan kuwa bif-bif. Na danna da farce ya shiga.

Ruwan da ya maƙale tsakanin zare ya hana rezin kama gilashin, ya kuma hana shi nuna. Na zauna a bakin mazubi na daɗe. Gaskiya zuciyata ta raya mini in ɗora shimfiɗa ta gaba a kai. Da an shafa fentin ciki babu mai gani, har ni ma zan manta da wurin. Amma wannan kusurwa ita ke shan dukan igiyar ruwa, kuma ƙanena ne zai zauna a kanta.

Baba ya zo da la'asar, na nuna masa. Ya danna da babban yatsa.

"Ka gode wa Allah ba ka zuba kala a rezin ba. Da ka zuba, da ba ka gan shi ba. Tone shi."

Ya ce a jiragen da ake kawo masa gyara, da wuya ka ga wanda ya lalace daga waje. Fuska na ƙyalli, ciki kuma busasshen zare. Maganarsa ta tuna mini abin da ya biyo bayan tsunamin 2004 a Tekun Indiya. An ƙera jiragen faiba masu ɗimbin yawa cikin gaggawa don masuntan da suka rasa nasu, aka samu da dama sirara ko marasa ingancin shimfiɗa, har FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shiga horar da maƙera da fitar da jagororin aikin. Mutanen da suka karɓi jiragen nan ba su da hanyar ganin abin da ke cikin fatar.

29 ga Afrilu

Kwana biyu da giranda. Na tone farin duka har na isa shimfiɗar 300 mai lafiya, a hankali don kar in fasa zuwa jelkot. Gefen ramin na fere shi ya gangara faɗin santimita 5 ko'ina, saboda sabon ya hau tsohon sannu a hankali. Na share ƙura, na goge da asiton, na mayar da 450 da 600 daga sabon wuri a naɗin, kowace ta fi ta ƙasanta faɗi. Mita huɗu na farkon naɗin na zubar.

Ƙurar giranda ƙaiƙayi ne da ba ya barin barci. Riga mai dogon hannu, a ɗaure wuyan hannu da salatif, a fara wanka da ruwan sanyi ba tare da cuɗawa ba.

3 ga Mayu

An gama fata. Ƙarin shimfiɗar ƙasa ta haye kusurwa da santimita 15 kowane gefe, a ƙashin baya kuma ta dama da ta hagu sun hau juna, nan ne ya fi ko'ina kauri.

Rezin da ya tafi kilo 56, a maimakon 43. Biyu na bokiti, kusan uku na gyara, sauran takwas hannunmu ne ya yi nauyi. Sai na ƙaro kilo 20. Kason ajiya ya tafi rabi da ɗoriya.

8 ga Mayu

Allon baya: filawud na ruwa mai milimita 18, biyu a manne, an kwantar da su kan jiƙaƙƙiyar tabarma an matse da kilam, sannan shimfiɗa uku a kai da ta zarce zuwa gefuna da ƙasa. Inda inji zai zauna na sauke shi zuwa santimita 40, daidai da inji mai gajeriyar ƙafa.

Haƙarƙari kuwa tun jirgi na cikin mazubi ake sa su, don kar ya murɗe in ya fito. Na yanka farin soson da ake kare kayan lantarki da shi don ya zama abin da faiba za ta hau. Rezin na taɓa shi ya narke ya zama majina, ashe sitirin na cinye irinsa. Na koma soson polyurethane, shi bai damu ba. Ba soson ne ƙarfin ba, faibar da ta lulluɓe shi ce. Yau haƙarƙari biyu.

10 ga Mayu

Na sa bakin kurfi ƙarƙashin leɓen haƙarƙarin farko don in gwada, na ɗan danna. Ya ɗago, ya bi ta ɓare kamar ɓawon rogo, ƙasansa sumul yana sheƙi. Na biyun ma haka.

Kwana biyar ke tsakanin shimfiɗar ƙarshe da haƙarƙarin. In bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba, sabon rezin na haɗewa da tsohon su zama jiki ɗaya. In ya wuce, sai dai ya kama da ƙarce. Na san wannan, amma abin da na yi shafa ce kawai da sanfefa 120 a hannu, ga kuma ƙurar girandar makon jiya ba ta gama fita ba. Na cire duka biyun. Wannan karon faifai mai lamba 36, har zare ya fara bayyana, faɗin tafi kowane gefe, share, asiton, a bar shi ya bushe.

13 ga Mayu

Haƙarƙari biyar a kwance, biyu a tsaye tun daga baya har goshi. Na sake sa kurfi. Zaren ne ya yage, haɗin bai saki ba.

15 ga Mayu

Ranar fitarwa. Na datse rarar baki da giranda, muka fara cusa siraran itace masu bakin gatari tsakanin jirgi da mazubi, daga baya muna yin gaba. Ƙarfe ba ya shiga nan, zai ƙarce jelkot. Muka zura tiyo muka saki ruwa, tunda PVA narkewa yake a ruwa. Can sai muka ji ƙara, ƙau, kamar an karya busasshen kara, bayan jirgi ya ɗago da kansa yana iyo a cikin mazubi.

Goshi ya ƙi. Awa biyu muna lallashi. A ƙarshe na kwance sukurorin firam na ɗaya da na biyu, muka buɗe mazubin ta nan. Ya fito da guntun allo manne a hancinsa da fila a kusurwa. Wurin matsattse ne, hannu bai kai kaki can ciki sosai ba. Da na kankare, jelkot ya ɓalle wuri biyu, kowanne bai fi farce ba.

Mu huɗu muka kife shi a kan tayoyi muka wanke. Fari tas, layin kusurwa a miƙe tun daga goshi har baya. Na nemi inda na yi gyaran nan ta waje, ban same shi ba sai da na auna daga firam. Ƙanena ya yi ta zagaya shi yana shafawa, bai ce komai ba.

Mazubin zai sake aiki in an canza allon goshi.

17 ga Mayu

Nauyi kilo 110, da sikeli ɗaya a kowane ƙarshe.

Na ɗauki guntun da na datse daga baki, na goge jelkot ɗinsa, na auna: giram 62. Na ƙona shi a gwangwani can fili, ina bayan iska don hayaƙin guba ne, har rezin ya ƙone ƙurmus ya bar zare. Giram 18. Kashi 29 cikin 100 ke nan, lissafina kuwa 33 ya ce. Rezin ya yi yawa, kamar yadda durom ya riga ya faɗa. Ba haɗari ba ne, amma kilo takwas ne da inji zai riƙa turawa kullum ba tare da sun ƙara ƙarfi ba. Abin da ya faranta mini shi ne shimfiɗu huɗun sun fito a jere cikin tokar, ana iya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

22 ga Mayu

Yawanci kwalekwalen katako ba ya nutsewa ko da ya cika da ruwa. Faiba na nutsewa, don ta fi ruwa nauyi da kusan rabi. Wanda ya saba da kwalekwalen katako dole ya riƙe wannan.

In an gama, jirgin zai kai kilo 138. A cikin ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ne ke ja ƙasa, a ce 46. Inji kilo 36, a ruwa a ce 30. Anga da tarkace 15, mutum biyu riƙe da baki 20. Jimla 111. Kowace lita ta soso na ɗaga kusan kilo ɗaya, don haka na sa lita 150: akwatin goshi, ƙarƙashin kujeru biyu, da dogayen akwatuna a gefuna kusa da baki. Ban sa a ƙarƙashin daɓe ba. In abin ɗagawa duk yana ƙasa, jirgin da ya cika da ruwa kifewa yake yi.

26 ga Mayu

Katakon baki ya hau. Fentin ciki jelkot ne mai kaki a haɗe, in babu kakin fuskar ba ta daina danƙo. Na barbaɗa yashi mai laushi a daɓe saboda santsi. An cike ɓallin goshi. Yanzu sai a bar shi mako biyu a inuwa ya gama nuna.

Kuɗi: ajiya ta ƙare, na haura abin da na ware da kusan kashi ɗaya cikin goma.

9 ga Yuni

Ya shiga ruwa. Ba inji, filafili kawai, a wuri mara zurfi. Ya zauna daidai, bai karkata ba. Na tsaya a gefe ɗaya kamar mai jan raga, ya ɗan sunkuya ya tsaya. Ƙasa ba ta motsi ƙarƙashin ƙafa.

Bayan rabin awa na ga ruwa kamar cikin kofi a baya. Muka tsane da tsumma muka zuba ido. Yana tsattsafowa ta gefen bututun magudana. Ramin na huda shi ta cikin filawud, na sa gam kawai. Ruwan da ke shiga jirgi bai dame ni ba kamar wanda ke shiga cikin katakon, domin filawud da ke rufe cikin faiba in ya sha ruwa ruɓewa yake a ɓoye, sai ranar da inji ya fizge allon.

Sannan gwajin da na fi jira. Muka ɗaure ƙarfe kilo 30 a mazaunin inji, muka cika jirgin da bokiti har ruwan ciki ya yi daidai da na waje. Bai nutse ba, bai kife ba. Goshi ya tsaya sama da ruwa kamar santimita 10. Baya kuwa ya zauna ƙasa, ruwa na shafar wurin da na sauke wa inji. A haka ba za a iya kwarfe shi ba, abin da ka zubar zai dawo ta nan.

11 ga Yuni

Na cire bututun. Katakon ya jiƙa kamar kaurin yatsa kewaye da ramin. Na faɗaɗa ramin har na isa busasshe, zan bar shi kwana huɗu a rana, in cike da rezin mai kauri, in sake huda ta tsakiyar rezin yadda ruwa ba zai ga katako ba. Ramukan ƙusoshin inji da na zoben ɗauri ma haka zan yi musu.

Saura ƙarin soso lita 20 a kusurwoyin baya biyu, sama-sama, da ɗan bango a gaban mazaunin inji mai tsayi daidai da baki. Sai ƙarfen kariya a ƙashin baya saboda jan jirgi a kan tsakuwa. Rezin da ya rage kilo 3 ne, zai isa bangon in mun riƙe hannu. Na roƙi Baba ya zo ranar 18, mu sake cika shi da ruwa a gabansa kafin a ɗaura inji.